Ɗan Farin Mariatou Mai Sakwara

Duk wanda ya taɓa cin sakwara a kasuwar Partago ya san Mariatou. Ko bai riƙe sunanta ba, ya riƙe damtsenta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda dakan doya ya sa hannunta na dama ya fi na hagu kauri. Mutane kan ce ba ta da haƙuri. Ƙarya suke mata. Tana da shi, ba kowa take ɗebar wa ba ne kawai.

A Djougou aka haife ta, a wani tsohon gida na zuriyar masu masauki. Kakanninta su ne ke sauke fataken goro a zamanin jakuna, su ba su ɗaki, su ba su tuwo, su tsaya musu in rigima ta tashi a kasuwa. Ayarin goro ya daina bi ta garin tun kafin a haife ta, zaurukan suka koma makwancin awaki, amma halin bai fita daga gidan ba. Tana yarinya ta ga ubanta, tsoho mai rawar hannu, ya fasa wa ɗan ƙanensa kai da butar ƙarfe saboda ya zagi wani baƙo mutumin Dosso da ya sauka a gidan. Jini na bin wuyan yaron, tsohon ya zauna ya ƙarasa alwalarsa da ragowar ruwan butar. Babu wanda ya ce masa don me.

Aure ya kai ta Parakou, gidan Tahirou ɗan zem, mai ɗaukar fasinja a babur. Ta kafa turminta a gefen kasuwar Arzèkè, inda masu doya ke sauke kaya. Ba ta daɗe ba wani ɗan tasha ya ci ya ƙoshi, ya kai hannu inda ba a aike shi ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira miji ba. Gindin taɓarya ta miƙa masa a baki, ya tsuguna yana tsintar haƙoransa a cikin ɓawon doya. Daga ranar 'yan tasha suka koyi cewa “sannu da aiki, Madam” daga nesa.

A Parakou ta haifi Kabirou, ɗan farinta, kuma a nan labarin ya samo tushe. Mariatou ta yi masa kunya irin ta iyayenta, har ta ƙara da tata. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. “Kai” ne in yana kusa, “wancan” in yana nesa. Sa'o'inta na birni sun daɗe da yar da wannan al'ada, suna goya 'ya'yan farinsu suna kiransu da suna har da shagwaɓa, suna yi mata dariya. Ita kuwa ta ce ba a kanta za a ce tarbiyyar gidansu ta mutu ba. Ana yaye shi ta tura shi Djougou wurin kakarsa.

Kada wani ya ce ba ta son sa. Son da take masa har ciwo yake sa mata a ƙirji. Duk sallah sai ta ɗinka masa kaya ta aika, ta ce a ce ubansa ne ya aiko. In ya zo hutu, tsokar da ta fi kyau a tukunya tasa ce, amma ƙanwarsa za ta ba ta kai masa, ita ta juya baya tana faɗan wani abu dabam. Ta iya ɓoyo ƙwarai da gaske. Ta ɓoye har shi wanda ake yi dominsa bai gani ba.

Tahirou bai yi tsawon kwana ba. Wasu fasinjoji biyu suka ce ya kai su wani ƙauye a hanyar Djougou, suka sare shi da adda ta baya, suka tafi da babur. Da aka kawo gawar, mata suka riƙe Mariatou kada ta gani, ta watsar da su ta ɗaga zanen. Ta ga inda addar ta shiga ta kafaɗa, ta ga yatsun da ya tare sara da su. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da ta fita takaba ta aurar da 'ya'yanta mata, ta ɗaure turmi a saman mota, ta koma Partago inda doya ke da araha. A can Kabirou ya same ta, ya riga ya zama saurayi, dogo, mara yawan magana. Ta ware masa ɗaki a bakin ƙofa, suka zauna gida ɗaya kamar maƙwabtan da ba su saba ba.

Sai aka fara turo 'yan hidima. Samari ne da 'yan mata da suka gama karatu, a aiko su ƙauyuka su koyar shekara guda a makarantun da malamai ba sa zama. A birni akan yi musu alkawari mai daɗin ji: ɗan abin kashewa duk wata, katin asibiti, wurin kwana, da shaida a ƙarshe wadda za ta taimaka musu neman aiki. Katin dai ana ba su a hannu. Wurin kwanan kuwa, in sun iso, sai shugaban makaranta ya sosa ƙeya ya dubi iyayen yara, iyayen yara su dubi ƙasa. Shekarar farko wata yarinya ta kwana a aji a kan benci, har maganar ta kai kunnen Mariatou. Ta je da kanta ta ɗauko akwatin yarinyar a ka, ta tsaya a ƙofar ofis ta wanke shugaban tas, da Dendi da Hausa da ɗan Faransancin kasuwa. Tun daga lokacin, duk ɗan hidimar da aka turo, gidanta ake nuna masa.

Kuma abin da ta hana ɗanta, su ta zuba musu shi ba awo. Ta kira su da suna, ta tsokane su, ta dafa musu magani in zazzaɓi ya kama su, ta bi su da faɗa in sun ƙi cin abinci. Wanda abin kashewarsa ya makara bai taɓa sanin yunwa ba. Kabirou na zaune a ƙofar ɗakinsa yana wasa adda, yana jin duk wannan.

Na ƙarshensu kafin abin ya faru shi ne Sufyan, ɗan wani direban babbar mota mutumin Nijar da ya zauna a Parakou. Siriri ne, mai fara'a, mai surutu kamar rediyo. Yara na ce masa metir, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, shi kuwa tun ranar farko ya ce wa Mariatou Inna. Yakan karɓi taɓarya wai zai taya ta, ya yi luguden da bai kai ya kawo ba, ta ƙwace tana dariya.

“Sufyanu, ajiye kafin ka kashe min turmi da kunya. Hannun alli ne wannan.”

“Inna, ai a lakwal boko muka yi, ba a koya mana wannan ba.”

“Me aka koya muku? Zauna ka ci, ɗan nema.”

Sufyan ya yi ƙoƙarin jan Kabirou a jiki, yana ce masa Yaya, yana kawo masa labarin ƙwallo. Kabirou ya amsa da ka, ko ya tashi ya bar wurin.

Da zafi ya shigo, kashu, wato yazawa, ya nuna. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane abin da kashu ke yi wa mutane ba. Shi ne kwanon rufi, shi ne babur, shi ne auren bana. Ƙwallon kan faɗo ƙasa da kansa, a tsince a sayar, don haka ɓarawo ba ya bukatar komai sai buhu da ƙafa. Masu gonaki suka haɗa samari 'yan gadi, da usur da adda da tsofaffin bindigogin farauta, suka ɗora Kabirou a kansu don ba ya dariya kuma ba ya jin roƙo. A farkon kakar suka kama wani da rabin buhu. Suka ɗaure shi a bishiya, suka yi ta dukansa da igiyar birki har bayansa ya daina kama da baya, sannan suka yanke masa kunne suka sake shi ya je ya nuna wa 'yan'uwansa. Jandarmomi suka zo bayan kwana biyu, suka tarar ba wanda ya ga komai. Da yamma Mariatou ta ga jini a bakin wandon ɗanta. Ta aika masa da sabulu ta hannun maƙwabciya.

Akwai ƙa'ida a gonakin, wadda ko yaron goye ya sani, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa wa kowa. Mai wucewa yana iya shan 'ya'yan kashu iya cikinsa, ba mai hana shi. Amma sai ya murɗe ƙwallon ya ajiye a gindin bishiyar. Wanda ya fita da ɗan kashu da ƙwallonsa a jiki, ko guda ɗaya ne, ɓarawo ne. Mariatou ta koya wa Sufyan rijiyar da ake sha da wadda ba a sha, ta koya masa gaisuwar tsofaffin ƙabilar Yom, ta nuna masa gidajen da ba a shiga da takalmi. Wannan ɗaya ce ba ta faɗo mata a rai ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma yaron a Arzèkè ya san kashu, a tire, an riga an cire masa ƙwallo.

Ajinsa kuwa ya watse. Iyaye sun kwashe yara zuwa tsinta, ga jarrabawa na matsowa. Sauran malamai sun saba, suka ja kujeru ƙarƙashin mangwaro suna fifita. Shi sabon jini, abin ya hana shi sukuni. Wata safiya ya rataya jakarsa ya ce zai bi gonaki ya roƙi iyaye su sako masa yaran ko da rabin yini ne. Mariatou ta ce ya dawo kafin sakwara ta huce.

Hantsi ya yi, tana tsakiyar daka, sai ga Soumaya mai itace, maƙwabciyarta, ta faɗo gidan ba sallama, ba ɗankwali.

“Mariatou, fito! Sun kama metir a gonar gangare. 'Ya'yan kashu suka samu cike da jakarsa, da ƙwallo da komai!”

“Su wa?”

“'Yan gadi. Da farko har za su sake shi, iyayen yara na ba da baki. Sai ya ce ai ba na sayarwa ba ne, Innarsa ya tsinto wa. Wallahi yana faɗin haka ɗanki ya zama wani abu. Ya ce sai ya cire hannun.”

Ba ta san ta fito da taɓarya ba sai da ta gan ta a hannunta a hanya, da farar sakwara manne a kanta. Ta yi gudun da ba ta yi ba tun tana budurwa. Tun daga nesa take jin usur da ihun ɓarawo a harsuna uku.

Da ta kutsa cikin taron, da ƙyar ta gane shi. Sun ɗaure shi da robar ɗaurin kaya, sun yaga rigar, ido ɗaya ya rufe, leɓen ya tsage har haƙora na waje. Jakar na gefe a zazzage, ga jajayen 'ya'yan kashu an tattake su tare da alli. Yana ta maimaita “Je suis le maître, ni ne malamin 'ya'yanku,” muryar na fita da kumfar jini. Waɗansu iyaye na cewa a bari, amma daga baya-baya suke faɗa, don ba mai son a ce yana kare ɓarawo a kakar kashu. Samari biyu sun danne hannunsa na dama a kan wani kututture. Kabirou na tsaye a kansa, ya ba ta baya, adda a hannu.

“Kai!” in ji Mariatou. “Kai! Kai!”

Maza sun fi ashirin a wurin, kowannensu kai ne. Waɗansu suka waiwayo. Shi bai waiwayo ba. Ta san abin da zai juyo da shi. Kalma ɗaya ce, ita ta ji an raɗa masa ita ranar suna, ta kwana da ita a zuci shekara da shekaru. Ta taso mata har maƙogwaro. Ta buɗe baki, harshen ya ƙi. Ba ta yi shawara ba, ba ta zaɓi al'ada a kan ran mutum ba, harshen ne kawai bai san hanyar ba, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Addar ta sauka. Sufyan ya fizge, saran ya kauce, ya ɗauke ƙaramin yatsa ya shiga gefen tafin. Ƙarar da yaron ya yi ta sa mata suka toshe kunne. Kabirou ya zare addar daga itacen, ya gyara tsayuwa, ya sake ɗagawa, wannan karon saitin wuyan hannu.

Hannun da ya shekara talatin yana daka bai jira izinin kowa ba. Taɓaryar ta same shi tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, aka ji ƙas, kamar an karya busasshen itace. Addar ta yi tsalle ta faɗa cikin ganye. Kabirou ya durƙushe, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa, farin ƙashi ya huda fata ya leƙo. Bai yi ihu ba. Ya ɗago ya ga wanda ya buge shi, ya daɗe yana kallonta.

Wani daga cikin samarin ya yunƙuro, ta juya masa taɓaryar, ya koma da baya har yana taka na bayansa. Ta tsaya a kan Sufyan, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

“Wanda ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi ya matso,” ta ce da Dendi, don kowa ya ji. “Kun ga abin da na yi wa nawa. To ku lissafa abin da zan yi wa na wata. Yaron nan a gidana yake ci, a gidana yake kwana. In ɓarawo ne, ni na aike shi. Ku kwance shi, matsiyata, 'ya'yanku ya zo nema!”

Sai a lokacin iyayen yara suka sami murya. Aka kwance robar, wani ya yage rawaninsa aka ɗaure hannun, wani ya tsinci yatsan ya naɗe a ganye, ko me zai yi da shi oho. Masu ihun ɓarawo ɗazu su ne masu salati yanzu. Haka mutane suke, kuma ba a Partago kaɗai ba.

Babur mai ƙafa uku na wani mai sayen kashu aka samu, aka sauke buhuna aka shimfiɗa su biyun a baya. Mariatou ta hau ta zauna a tsakani. Ta ɗora kan Sufyan a cinyarta, tana danne raunin, tana kiran sunansa kada ya suma. Kabirou na kwance a ɗaya gefen, ya juya fuska ga ƙarfen babur ɗin, yana riƙe da karyayyen hannun da mai lafiyar. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji numfashinsa ya tsaya. Ranta kamar ya fita. Tana so ta rungume shi, ta ce masa da ta bari ya sare hannun nan da a kurkuku zai tsufa, ta ce masa dukan nan ita ta fi shi jin sa. Amma ga direba, ga Soumaya, ga mutane a hanya. Abin da ta iya shi ne ta miƙe ƙafa ta tokare bayansa don kada ya gangara. Ya matsa, ya raba jikinsa da ƙafar.

A asibitin Djougou katin 'yan hidima ya yi aikinsa. Ana ganinsa aka wuce da Sufyan ciki ba tare da dogon zance ba, shugaban makaranta ya iso yana ta waya da manyansa na birni. Hannun ya tsira, ban da yatsan, kuma da shi yaron ya ƙarasa shekararsa, yana riƙe alli da yatsu huɗu. Wannan daga baya ne.

A ranar dai, Kabirou, da ba shi da kati, a benci aka bar shi a baranda, jini na ɗiga a siminti, ƙudaje na taruwa. Mariatou ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ta yi faɗa, ta yi roƙo, abin da ba a taɓa jin ta yi ba, ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan tebur jingina. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya, yarinya ƙarama mai jin Hausa, ta turo keken marasa lafiya. Ta duba hannun ta yamutsa fuska, sannan ta dubi matar da ke tsaye a kansa, zani duk jini.

“Mama, ke kika kawo shi? Yaya sunansa?”

Mariatou ta waiga neman Soumaya, ko za ta fitar da ita kamar yadda maƙwabta suka saba, amma Soumaya ta tafi neman ruwa. Leɓunanta suka motsa. Ma'aikaciyar na jira.

“Kabirou Tahirou,” in ji shi, a hankali, idonsa a kan bango. “Daina tambayarta, madam, ba ta sani ba. Maman metir ce. Ni ba ni da kowa a nan.”

Ma'aikaciyar ta ce to, ta taimaka masa ya hau keken, ta tura shi ciki. Ƙofar ta rufe. Mariatou ta tsaya kallonta, sannan ta zauna a ƙasa a gefen bencin, kusa da inda jininsa ya taru.